Dodon Koɗi Marar Koɗi

Gwaggona, yayar mahaifina, ba ta da haƙorin Makka. Daga nan maganar ta samo asali, don haka daga nan zan fara.

Ina rarrafe suka bar Kademi ita da mijinta, da jaki ɗaya da niyyar aikin hajji. A wancan lokacin talaka a ƙafa yake tafiya, ya yi gabas ta Barno, in guzuri ya ƙare ya tsaya ya yi ƙodago, ya ƙara gaba. Sun yi shekaru a ƙasar Sudan suna tsintar auduga a gonakin mutane. A can mijin ya rasu. Ita kaɗai ta ƙarasa, cikin ayarin wasu mutane da ba 'yan ƙasarmu ba, kuma ita kaɗai ta dawo bayan shekara tara, ta rame ta yi baƙi, da ƙullin kaya a ka da ɗan gwangwanin ruwan zamzam. Ba takarda, ba abokin tafiya, ba wanda zai ce tare muka yi ɗawafi. Shaidarta kawai bakinta, kuma garin ya karɓa. Kowa Hajiya yake ce mata.

Ni kuwa Babana take kirana, don sunan mahaifinsu aka sa mini. Ba ta da ɗa ko ɗaya a raye, saboda haka duk wani ƙanzo mai daɗi da ɗan mai a tukunyarta nawa ne. Ko laifi na yi a gida, ɗakinta nake gudu, ta tare ƙofa ta ce wa ya isa ya taɓa ubanta.

Sana'arta ɗinkin faifai. Takan rina kaba da galura ta shanya a kan danga, ta zauna a ƙofar ɗaki da basilla tun hantsi har azahar. Akwai wani zane da ita kaɗai ke yi a duk yankinmu: tsakiya layi-layi, baƙi da shuɗi mai haske, sannan a zagaye da ruwan goro mai faɗi, a rufe baki da fari siriri. Mata suka sa masa suna faifan Bahar Maliya. Uwar amarya takan aiko tun daga Gaya a yi mata guda biyu ko uku na jere. In an tambaye ta inda ta samo zanen, sai ta ajiye basilla ta gyara zama, mu kuma da muka ji labarin sau ɗari mu fara murmushi.

Ta ce ƙaramin jirgin ruwan da ya haye da su bai kai su gaɓa ba. Da safe ya tsaya nesa kaɗan da tudu, a wancan ƙetaren, aka ce kowa ya sauka ya taka. Ruwan iya gwiwa ne, garau, kana ganin yatsun ƙafarka. Tana tafe tana duban ƙasa don kada dutse ya yanke ta, sai ta ga wani abu a manne da dutse, yana jan ciki sannu a hankali.

"Dodon koɗi ne sak," in ji ta, "sai dai ba shi da koɗi. Tsirara yake, amma Allah ya yi masa sutura. Bai kai ɗan yatsan nan tsawo ba. Gadon bayansa layi-layi, baƙi da shuɗi. Gefensa an yi masa dajiya da ruwan goro, an bi da fari. Ƙaho biyu a ka, ruwan goro. A ƙugunsa kuma wani ɗan tuntu, shi ma ruwan goro, yana motsi. Na tsaya ina kallo har aka bar ni a baya. Shi ne abin da na fara gani a ƙasar Manzo, na ce to, an yi mini maraba."

Ba wanda ya taɓa yi mata musu. Mu mutanen tudu ne, gero da dawa da gyaɗa muka sani. Wanda ya je ya dawo shi ke da magana.

Sai abu biyu suka faru kusan lokaci guda. Na gama kwalejin horon malamai aka ba ni aji a wata firamare a Gaya. Sannan mutanenmu suka fara zuwa hajji ta jirgin sama, su tafi su dawo kafin wata biyu, da akwati da hoto da haƙorin zinariya. Cikinsu har da wata 'yar uwarmu ta nesa da ke aure a Balan, mace mai kirki a hannu amma mai kaifin harshe. Tun da ta dawo ba ta ƙara yin dariya da baki a rufe ba.

Ni ma a lokacin ba a iya mini. Shekarata ashirin da biyu, ina da keke, ina da wando mai kari, da alƙalami biyu a aljihun gaba ko da ranar hutu ce. Ruwan da ya fi kowanne girma da na taɓa gani shi ne kogin Wudil, amma na zana taswirar duniya a allo sau da yawa har ina jin kamar gonar gidanmu ce. Kifin rijiya ne ni, na sami takardar shaida.

Wata damina, shekara biyar ko shida bayan samun 'yancin kai, aka yi suna a gidan wannan 'yar uwa tamu a Balan. Bayan an raɗa suna an watse daga ƙofar gida, na shiga ciki in gaida iyaye mata. Tsakar gida cike, ana ta tuƙa tuwo. Gwaggo na zaune a tabarma, ta kawo wa mai jego faifan Bahar Maliya, wata baƙuwa ta tambaya, ita kuma ta ɗauko labarinta. Na tarar an kai wajen tuntu.

Mai haƙorin zinariya ta ce, "Ni dai na haye Bahar Maliyar nan zuwa da dawowa, ban ga dodo ba, ban ga koɗi ba."

Gwaggo ta ce, "Ke da kika bi ta sama, me za ki gani in ba gajimare ba?"

Aka yi dariya, kuma dariyar a kan mai haƙori ta faɗa. Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. Amma ta juyo ta gan ni a durƙushe, sai ta ce, "Yauwa, ga malamin makaranta. Ku da kuka karanta littafin Turawa, su da ba abin da ba su leƙa ba, akwai wannan abu a teku?"

Har masu tuƙa tuwo suka dakata. Gwaggo ta dube ni tana murmushi, irin na wadda aka kira ɗanta shaida.

Gaskiyar magana ita ce ban sani ba. Littafin ilmin halittu da muka yi a kwaleji ɗan siriri ne, teku shafi biyu ya samu a ciki, kifi da ƙaguwa. Kalma uku kawai ake bukata, ban sani ba, kuma a gidanmu na tashi ina jin mahaifina, malamin zaure, yana faɗarsu a gaban ɗalibansa ba tare da jin nauyi ba. Amma mata talatin suna kallona, an kira ni malamin makaranta. Na ji in na ce ban sani ba alƙaluman nan za su faɗo daga aljihuna.

Na ce, "Babu."

Ban ma tsaya nan ba, wannan shi ne abin da har yau yake hana ni sakewa. Na miƙe tsaye kamar ina gaban aji. Na ce dodon koɗi ba ya rayuwa sai da koɗinsa. Na ce ruwan teku gishiri ne zalla, gishiri kuwa kashe dodon koɗi yake yi, saboda haka ba yadda za a yi ya zauna a ciki. Na ga wasu suna gyaɗa kai, sai daɗi ya kama ni. Na je bayan randuna inda ƙasa ke da danshi, na laluba na samo ɗaya, na ajiye shi a kan sakaina a tsakiyar gida. Na roƙi gishiri a wajen masu miya. Da ya fito da kansa ya fara tafiya, na barbaɗa masa. Ya tattare, ya yi kumfa, ya koma ruwa a kan idon kowa.

Mai haƙori ta tafa hannu ta ce, "To, gani ya kori ji." Can kuma ta ƙara, a hankali amma yadda kowa zai ji, "Ai dama ba duk wanda ya yi gabas ne ke hayewa ba. Wasu a gonar auduga suke yin arfarsu su juyo."

Gwaggo ba ta ko kalle ta ba. Ni ta duba. Ta ce, "Babana, na gan shi fa."

Na ce, "Wataƙila rana ce ta buge ki, Gwaggo, ga gajiyar tafiya." A zatona ma taimakon ta nake yi.

Ta ɗauki mayafinta ta ce za ta je ta yi alwala. Ba ta dawo tabarmar ba.

Wanda bai zauna a ƙauye ba zai ce mene ne haɗin dodon koɗi da aikin hajji. A wurinmu maganar mutum ƙwarya ɗaya ce, in ta tsage a gefe duk abin da ke ciki ya zube. Wadda ta ƙaga dodo mai tuntu, me zai hana ta ƙaga Ka'aba? Ba wanda ya fito fili ya ce ba ta je ba. Amma kafin kaka, a bakin rijiya da wurin daka, ta zama Hajiyar Auduga. Da farko a bayan idonta, daga baya cikin raha a gabanta.

Kwana biyu da sunan, mahaifina ya kira ni zaure bayan ya sallami ɗalibai. Bai ɗaga murya ba, dama ba ya yi.

Ya ce, "Teku nawa ka taɓa shiga?"

Na ce, "Ko ɗaya, Malam."

"Littattafan Turawan, ka ƙare su duka?"

Na ce, "A'a, Malam."

"Da ka ce ba ka sani ba, me zai ragu a jikinka? Ita ka san abin da ya ragu a nata? Mijinta ta binne a hanyar nan. Tashi ka je ka ba ta haƙuri."

Na je. Amma ku ji irin haƙurin da na bayar. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri in na ɓata miki rai." Ban ce na yi kuskure ba, don har ga Allah a lokacin ina ganin ni ke da gaskiya, ga gishiri ya nuna. Ta ce, "Ba komai, Babana," ta tura mini kwanon fura. Mahaifina ya sha faɗa wa maza a zaure cewa Allah yana halittar abin da ba mu sani ba, kuma yayarsa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Maganarsa ta tsaya a zaure, tawa kuwa ta riga ta shige cikin gidaje. Magana zarar bunu ce.

Daga wannan shekarar ba ta sake ɗinka faifan Bahar Maliya ba. Ta koma yin ja da kore irin na kowa. In an tambaya sai ta ce galurar yanzu ba ta da kyau. Labarin ma ta daina. Ni kuma, don rashin kunya, har na ji sauƙi, na ce tsohuwa ta huta da abin da ke jawo mata dariya.

Shekara goma sha ɗaya suka wuce. Na yi aure, mahaifina ya rasu, aka yi ta canja mini makaranta har na zama shugaban wata firamare a Gafasa, ta wajen Ajingi. Lokacin ne aka buɗe makarantu ko'ina, yara suka yi yawa, kayan aiki suna zuwa yadda suka ga dama. Wata rana aka sauke mana kwali biyu na littattafai, irin kyautar da ake tattarowa daga ƙasashen waje ba tare da an duba wa za a ba ba. Akwai na koyon wasa a kan ƙanƙara, akwai na gyaran injin da ba mu taɓa gani ba. Ina jerawa a kabad ina tsaki, sai na ɗauko wani mai kauri a kan halittun teku, da hotuna masu launi. Na buɗe don in ga ko zai yi wa 'yan aji shida amfani.

Yana nan a shafin dama, daga ƙasa, a kan wani jan dutse. Layi-layi baƙi da shuɗi. Dajiya ruwan goro, farin baki siriri. Ƙaho biyu. Tuntu a ƙugu. Faifan Gwaggo ne aka miƙar da shi aka sa masa rai.

Na karanta abin da ke ƙarƙashin hoton da yatsa, kamar ɗan aji biyu. Dangin dodon koɗi ne da ba su da koɗi, a ruwan gishiri suke rayuwa, iri-iri ne da yawa, kowanne da launinsa. Wannan ɗin bai kai yatsa tsawo ba. Tuntun da shi yake numfashi. Ana samun sa a wurare marasa zurfi, a kan duwatsun Bahar Maliya da gaɓar gabashin Afirka. Na sake karanta Bahar Maliya har sau uku. Ƙararrawar tashi ta kaɗa, yara suka watse, ina nan zaune a kan kwali.

Kowa zai zaci washegari na hau keke na tafi Kademi. Ban tafi ba. Na kai littafin gida na sa a ƙasan akwati, ƙarƙashin rigar salla. Na ce ana jarrabawa. Da aka gama na ce damina ce, hanya ta ɓaci. Na je Kademi sau biyu a cikin watannin nan, gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure, na shiga na gaida Gwaggo a tsaitsaye na fito, littafin yana akwati. Ba hanya ce ta hana ni ba. Ban san yadda zan ce ni ne maƙaryacin ba. Sai da aka cire gyaɗa, matata ta ga littafin tana neman wani abu, ta tambaye ni, na gaya mata. Ta ce, "Kana jira ta mutu ne?" Ranar Juma'ar makon na ɗaure shi a bayan keke.

Na sami Gwaggo da hantsi a ƙofar ɗakinta, tana ɓarar gyaɗa a ƙwarya. Na san idonta ya yi rauni, amma gaisuwar tsaitsaye ba ta bari na lura da yadda ya kai ba. Yanar ido ta rufe su duka biyu fari fat. Da muryata ta gane ni.

"Babana ne? Yau da rana tsaka, ba mutuwa ba biki?"

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Na ce, "Gwaggo, na zo da wani littafi. Dodon koɗinki yana ciki." Na buɗe shafin na ɗora mata a cinya, sannan na tuna. Ta shafa takardar da tafin hannu, sumul, ba abin da za ta ji.

Ta ce, "Faɗa mini."

Na fara, "Bayansa layi-layi ne, baƙi da..."

"Da shuɗi. Shuɗin mai haske ne ko mai duhu?"

"Mai haske."

"Ƙahon fa?"

"Biyu, ruwan goro."

"Sun sa tuntun?"

"Sun sa."

"Farin bakin nan siriri, a waje yake ko a ciki?"

Na duba. "A waje."

Ta gyaɗa kai, ta miƙo mini littafin. Ta ce, "To, littafin naku ya faɗi gaskiya."

A nan na kasa riƙe kaina. Na ce mata ban sani ba ne ranar nan, ban sani ba na ce babu. Na ce wata biyar littafin yana akwatina ina jin kunyar kawowa. Na ce ta yafe mini. Na yi kuka sosai, ni mai 'ya'ya huɗu, ta bar ni na yi har na gaji, hannunta a kaina.

Ta ce, "Na yafe maka tun a Balan. Wa zai riƙe ubansa? Abin da ya dame ni ɗaya ne. Da ka zuba gishirin nan na ga abin ya narke, na yi shekaru ina tambayar kaina ko dai ranar ce ta buge ni da gaske. In ban ga wannan ba, me kuma ban gani ba? Har ɗawafin nakan zauna in ƙirga, in ce anya."

Wannan ban taɓa sani ba. Ina zaton sunanta kawai na ɓata a gari, ashe har cikin kanta na shiga.

Na ce zan tara mutane. Zan kai littafin Balan, in tsaya a tsakar gidan nan in faɗa da bakina.

Ta ce, "Wa za ka tara?" Ta fara lissafa matan da ke wurin ranar, tana jefa gyaɗa ɗaya-ɗaya a ƙwarya. Mai haƙori ta rasu bara waccan. Wance ta rasu, wance ta bi ɗanta birni, wance ta rikice ba ta gane kowa. "Na yanzu ba su san an yi ba, Babana. In ka ce musu dodon koɗi, sai su ce wane dodo."

Duk da haka na je. Na nuna hoton a Balan, na nuna a Kademi, a zaure da cikin gida, duk inda aka ba ni kunne. Mutane suka karɓa suka juya shi, suka ce ikon Allah, suka miƙo mini. Wata tsohuwa ɗaya ce ta tuna, ita ma abin da ta ce shi ne, "To ai kai ka ce babu."

Amma wannan daga baya ne. A ranar, muna zaune ban ko rufe littafin ba, sai amaryar da aka kawo gidan maƙwabta watanni kaɗan da suka wuce ta yi sallama. Yarinya ce mai ladabi, daga wani gari can nesa aka auro ta. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida ni, sannan ta juya wajen Gwaggo, cikin girmamawa, ba wasa ko kaɗan a muryarta, don ita a saninta sunan ke nan.

Ta ce, "Hajiyar Auduga, wai a ba mu aron rariya."

Gwaggo ta ce, "Na'am, 'yata. Shiga, tana rataye a bayan ƙofa."